Yadda Ake Sayen Faifan Gem Na Hannu A Jidda Ba A Yi Asara Ba

Faifan PlayStation na hannu ya fi sabo araha, shi ya sa samarinmu ke nemansa a shafin Haraj ko kasuwar Sawarikh. Sai dai kamfanonin da ke yin gem ba sa samun ko halala a cinikin gwanjo, don haka sun daɗe suna rage wa mai saye na biyu wani abu.

Da farko, buɗe kwalin ka duba ko akwai 'yar takarda mai lambar da ke buɗe wasu ƙarin abubuwa a cikin gem ɗin. Lambar nan sau ɗaya take aiki. In mai shi ya riga ya shigar da ita a asusunsa, abin da ta buɗe ya zama nasa, ko da ya sayar maka da faifan. A 2010 kamfanin gem na EA ya fito da tsarin Online Pass: mai na hannu sai ya biya dala 10, wato riyal 37.5, kafin ya buga da mutane a intanet. A 2011 aka kulle ɓangaren jaruma Catwoman na gem ɗin Batman: Arkham City da irin wannan lamba. EA ya daina a 2013, amma har yau ƙarin da ke zuwa da bugun Deluxe, wato bugu na musamman mai ƙarin abubuwa, galibi a takardar yake. A ganina wannan tauye haƙƙi ne, domin kuɗin halak mutum ya biya. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Ɗan uwa, an yi amfani da lambar?" In ya yi shiru, ka taya da farashin bugun da ba shi da ƙari.

Sai ka duba tambarin shekaru a gaban kwalin, domin ka gane yankin da faifan ya fito. ESRB na Amurka ne, PEGI na Turai. Faifan Amurka zai yi aiki a na'urarka, amma ƙarin da ka saya da asusun Saudiyya galibi ba zai hau kansa ba.

Bincika kuma ko gem ɗin yana buguwa ba intanet. Kamfanin Ubisoft ya rufe gem ɗinsa The Crew, wanda ba ya buguwa sai da intanet, a ƙarshen Maris 2024, faifansa ya tashi aiki gaba ɗaya. Masu na'urar Nintendo Switch 2, ku lura da katin Game-Key Card: ana iya sayar da shi, amma gem ɗin ba ya ciki, sai an sauke.

Kafin ka miƙa kuɗi, juya faifan a haske ka ga ko ya karce. In da hali, a saka shi a na'ura a gabanka har ya gama hawa.