Yadda Za Ka Nazarci Tsamin Tekun Ƙanƙara Kana Zaune a Jos

Ni malamin kimistiri ne a wata sakandare a nan Jos. Sau ɗaya na taɓa ganin teku da idona, a Legas, shi ma daga kan gada. Ƙanƙara kuwa, in ban da ta firiji, sai wadda ke zubo mana da ruwan farkon damina tana huda ganyen kabeji. Duk da haka shekara uku ke nan ni da wasu ɗalibaina muna bin diddigin yadda tsami ke ƙaruwa a ruwan gaɓar Atika da Antatika, wato ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya inda ƙanƙara ta rufe. Ranar da na fara kawo maganar, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da ko kogin kirki ba mu da shi, da wane ruwan za mu yi?" Na ce mata tekun ma mu za mu haɗa abinmu. Ga yadda muke yi.

Kafin ka taɓa kwalba, ka san abin da kake nema. Teku yana haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar CO2, wato iskar kabon da ke fita in an ƙona mai ko gawayi, da mutane ke fitarwa. Kafin zamanin masana'antu iskar nan ba ta wuce 280 cikin miliyan ba a sararin sama, yau ta haura 420. In ta narke a ruwa sai ta zama asid mai rauni, shi ya sa ma'aunin pH na saman teku, lambar da ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, saukar 0.1 na nufin ƙwayoyin haidirojin, masu kawo tsami, sun ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari. Kuma kada ka ce wa kowa teku ya zama ruwan tsamiya. Har yanzu yana ɓangaren kanwa, matsowa yake yi.

Kanwar nan ita ce mabuɗin darasin gaba ɗaya. Duk wanda ya ga uwarsa ta jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ya riga ya san abin da masana ke kira alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na shanye asid ba tare da ya sauya sosai ba. Mu a aji "ƙarfin kanwa" muke ce masa. Ruwan gaɓar ƙanƙara kuwa ta fuska biyu yake shan kashi. Sanyi yana sa ya riƙe iska, kamar lemon kwalba da ya kwana a firiji: a digiri 0 ruwan teku yana narkar da CO2 fiye da ninki biyu na abin da zai narkar a digiri 25. Sannan ƙanƙarar da ke narkewa da manyan kogunan Rasha irin su Ob, Yenisei da Lena suna tsarma shi, kanwarsa ta yi ƙasa. Tsami ya ƙaru, maganin tsami ya ragu.

To, ka fara da haɗa ruwan. Auna giram 35 na gishiri, ka cika da tataccen ruwan ɗakin gwaji har ya kai kilo ɗaya, ka ƙara giram 0.2 na bekin soda. Wannan zai ba ka ƙarfin kanwa kusan maikuromol 2,400 a kilo (ma'aunin da ake ƙidaya shi da shi ke nan), dab da na teku na gaske wanda ke yawo a wajen 2,300. Gishirin miya ya isa koyon awo, amma babu kalsiyam da maganiziyam a cikinsa. In aikin ya kai ga katantanwa, sai ka nemi gishirin da masu kiwon kifin ado ke haɗa ruwan teku da shi. Nawa wani abokina ya sayo mini a Abuja.

Gwajin farko na ido ne. Sayi jan kabeji a Farin Gada, yayyanka, dafa, tace ruwan. Na gwada zoɓo, amma nasa tsamin yana ɓata lissafi. Raba ruwan tekunka gida biyu, ka tsarma kashi ɗaya da tataccen ruwa rabi da rabi, shi ne ruwan bakin gaɓa lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Ɗiga ruwan kabeji daidai wa daida, ka ba yara biyu bututun shan lemo su yi ta hurawa a tare. Wanda aka tsarma shi zai riga komawa shunayya. Da na yi ta zana lissafi a allo mako biyu, gara minti biyar ɗin nan.

Daga nan sai awo na lamba, kuma a nan nake so ka daɗe. Ɗebi giram 100 na ruwan, da sikeli, ba da silinda ba, domin masana teku da nauyi suke lissafi. Zuba asid ɗin HCl mai ƙarfin mola 0.1 a buret, wato dogon bututun gilashi mai awo da famfo a ƙasa, ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan kana juyawa kana rubuta pH da mita ta nuna. Kusan mililita 2.3 zuwa 2.4 zai ci kafin kanwar ta ƙare, a wajen pH 4.5. Kada ka tsaya nan. Ci gaba har 3.0, kana yawaita rubutu tsakanin 3.5 da 3.0, domin da waɗannan ɗigon ake zana wani miƙaƙƙen layi da ake kira layin Gran, wanda ke nuna ainihin inda kanwar ta ƙare. Ka maimaita sau biyar a kan ruwa ɗaya. In amsoshinka biyar sun watse kamar kajin da aka jefa wa dutse, hannunka bai faɗa ba tukuna, kada ka matsa gaba. Manyan ɗakunan gwaji suna gwada kansu da ruwan teku na musamman da Andrew Dickson ya shahara da haɗawa a cibiyar Scripps ta Amurka, kuma littafin ƙa'idojin awon da shi da Sabine da Christian suka fitar a 2007 yana nan kyauta a intanet. Sauke shi ka buga babin alkaliniti a takarda.

Abu huɗu ake aunawa a wannan fanni: pH, ƙarfin kanwa, jimillar kabon da ya narke, da matsin iskar CO2 a ruwa. In ka samu biyu daga ciki, tare da zafin ruwan da yawan gishirinsa, manhajar CO2SYS za ta fitar maka da sauran. Akwai ta Excel, ko tsohuwar kwamfuta tana ɗauka. Lambar da za ka fi sa wa ido ita ce omega ta aragonait, wato ma'aunin yadda ruwa ya ƙoshi da ma'adinin da halittu da yawa ke gina ƙoƙonsu da shi. In ta haura 1 ƙoƙo na zaune lafiya, in ta yi ƙasa da 1 ruwa zai fara cin sa. A tekun wurare masu zafi tana wuce 3, a ƙuryar arewa da ta kudu sau da yawa ba ta kai 2 ba.

Nan na sha kunya, bari in faɗa maka don kada ka sha. Na gyara mitata ta pH da ruwan gwaji na 4, 7 da 10 irin na kanti, na fito da kwalba daga firiji, na bar ta ta huce a kan tebur, na auna, na zuba lambar a manhaja. Kuskure biyu a tafi ɗaya. Tsarin lissafin pH ba ɗaya ba ne: ruwan gwajin kanti yana kan tsarin da ake kira NBS ne, masana teku kuma da wanda ake kira na jimilla suke aiki, tazarar ta haura 0.1, wato ta fi dukan sauyin da teku ya yi tun zamanin masana'antu. Sannan pH yana sauka da kusan 0.015 a kowane digiri da ruwa ya ɗumama, don haka ruwan da aka ɗebo a ƙasa da sifiri aka auna a digiri 25 zai nuna ƙasa da gaskiyarsa da wajen 0.4. Manhajar tana da gurbin zafin awo da gurbin zafin wurin da aka ɗebo, cika su biyun. Wajen zaɓen lambobin rabuwar asid, waɗanda manhajar ke lissafi da su, ma ka lura: na masani Lueker na 2000 da kowa ke amfani da su daga digiri 2 zuwa 35 aka gwada su, ruwan gaɓar Antatika kuwa yana sauka har kusan 1.9 ƙasa da sifiri kafin ya daskare.

Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, nauyin iska a nan bai wuce kashi 87 cikin ɗari na bakin teku ba. In ka bar kwano a buɗe ya daidaita da iska, matsin CO2 ɗinsa zai fito ƙasa da na wanda ya yi gwajin a Legas. Ba mitarka ce ta lalace ba.

Sai hannunka ya san wahalar lamba ɗaya sannan ka je ga lambobin wasu. Akwai rumbunan bayanai biyu a intanet: SOCAT yana tara awon CO2 na saman teku, GLODAP kuma na cikin zurfi, duka kyauta. Manhajar Ocean Data View ta cibiyar Alfred Wegener da ke Jamus za ta zana maka taswira. Zaɓi gaɓa guda ka zauna mata. Akwai tashar bincike ta Palmer ta Amurkawa da aka fara dogon nazari a 1990, akwai tashar Rothera ta Ingila da nata nazarin ya fara a 1997, dukansu a tsibiran gefen zirin Antatika, akwai kuma mashigin ruwa na Kongsfjorden a tsibiran Svalbard da ke Atika. Riƙe layukan da ke da tutar inganci 2 kawai, wato alamar awo mai kyau, ka share -9999, alamar babu awo ce. Wani ɗalibina ya manta, ya kawo mini matsakaicin gishirin teku da lamba mai ragi, yana ta rantsuwa kwamfuta ce ta faɗa.

Zanen farko da zan ba ka shawara shi ne ƙarfin kanwa a kan yawan gishiri. Ɗigon sukan jeru a layi. Ja layin baya har inda gishiri ya zama sifiri, inda ya sauka zai gaya maka wane ruwan daɗi ne ya yi tsarmin. In kusa da sifiri ne, narkakkiyar ƙanƙara ce. In ya tsaya sama sosai, kogi ne irin Mackenzie na Kanada da ya ratso duwatsun farar ƙasa ya kwaso kanwarsa.

Babban tarkon kuwa shi ne lokaci. A Disamba da Janairu, muna nan muna rawar ɗari da hunturu, can kudu rana ba ta faɗuwa, ƙananan tsirran ruwa suna zuƙe CO2, pH ya tashi. In duhun watanni ya rufe sai ya sauko. A McMurdo, wata gaɓa a Antatika, wannan hawa da sauka na shekara guda ya ninka 0.1 ɗin nan sau uku ko fiye. Jiragen bincike kuma galibi da ranin can, lokacin da rana ba ta faɗuwa, suke zuwa, don haka awon rani ya cika rumbun. Janairu da Janairu za ka gwada, shekara bayan shekara, kuma in shekarunka ba su kai goma ba kada ka rubuta cewa ka ga sauyi.

Da katantanwa muke rufe zango. A 2012 Nina Bednaršek da abokan aikinta suka ba da rahoton ƙananan dodon koɗin teku masu iyo, Limacina helicina, da ƙoƙonsu ya zaizaye a Tekun Kudu da ke kewaye da Antatika. Mu da na lambu muke yi, shi ma aragonait ne. Wanke guntaye biyu, shanya, auna a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo. Ɗaya a ruwan tekunka kawai, ɗaya a wanda ka jona masa siririn tiyo daga gorar yis da sukari mai fitar da CO2, duka a firiji. Namu ƙoƙon ya fi nasu kauri nesa ba kusa ba, sai ka yi haƙurin mako uku ko huɗu, kana sabunta yis. Ƙyallin cikin ne yake fara dusashewa kafin sikeli ya nuna komai. In an ɗauke wuta firiji ya huce, rubuta awa nawa ya yi a gefen shafin ranar.