Daga jere zuwa kai amarya: yadda iyaye za su tsara ranar biki

Duk wanda zai aurar da 'ya a ƙauye, kafin ya sayi ko da cokali, ya fara yanke magana ɗaya: ƙarfe nawa amarya za ta bar gida. Daga nan ake ƙirgowa baya. In gidan miji a cikin gari yake, bayan sallar isha ma ya yi. In kuwa sai an hau mota, a ce daga wani ƙauyen Ringim za a kai ta ƙasar Gumel, to motoci su tashi da la'asar, a isa da sauran haske. Da an tsayar da wannan, komai zai sami gurbinsa: abinci ya sauka kafin azahar, wuni ya watse da wuri, a bar wa amarya awa guda cur ta yi wanka, ta ci abinci, ta yi sallama da iyayenta. Sau da yawa in ka ga an kai amarya ƙarfe 11 na dare, ka bi sawu, za ka tarar shinkafa ce ba ta sauka da wuri ba.

Sayayya kuma ta bi ranakun kasuwa. Dambatta Lahadi take ci, Shuwarin Litinin, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a. Wanda ya manta abu, sai wani makon. Don haka a gama babbar sayayya saura kasuwa biyu biki, a bar ta ƙarshe don kayan miya da abin da aka tuna daga baya. Yadi da labule, in za a shiga Kano, a haɗa su a tafiya ɗaya zuwa Kantin Kwari.

Jere shi ne inda aka fi yin asara, kuma asarar tun wajen kafinta take farawa. Kada a ba da aikin gado sai an je an auna ɗakin da igiya ko tef: tsawo, faɗi, da faɗin ƙofa. Gado mai ƙafa 6 da 6 a ɗaki mai ƙafa 10 da 12, in aka ƙara durowa da kujera, amarya ba za ta sami wurin shimfiɗa darduma ba. A gaya wa kafinta ya yi gadon da ake kwancewa, kuma ya biyo kayan ya ɗaura da kansa. A duba rufi ko yana yoyo, a duba gindin bango ko ƙwarin gara sun yi hanya. In ɗakin sabon daɓe ne ko sabon fenti, a bar ƙofa da taga a buɗe ya sha iska kwanaki, don leda in aka shimfiɗa ta kan siminti mai danshi tana riƙe ruwa, ƙafafun katako su kumbura, ɗaki ya yi ta warin ruma.

A yi jere saura kwana biyu, kada a bari sai ranar. Leda ce farko, sai gado da durowa, sai labule, kwanuka su zo ƙarshe bayan ƙura ta kwanta. Masu jere kada su wuce mata biyar ko shida, da babba ɗaya mai faɗa a ji, gwaggo ko yayar uwa. Ita za ta riƙe littafi a rubuta komai, daga katifa har ludayi, kwafi biyu, ɗaya ya dawo wurin uwar amarya. Wannan rubutu ba zargin kowa ba ne. Kaya ne da suka bi ta hannu da yawa, kuma yana hana a zo ana cewa kula shida aka kawo, wata ta ce biyar ta gani. In an gama a sa kwaɗo, makulli ya zauna a hannu ɗaya. Tukwane da tangaran ba a mantawa da su. Abin da ake mantawa su ne buta, tsintsiya, ashana, gidan sauro, fitila mai caji, bokitin wanka, da ƙusa da guduma na kafa labule. A zuba su a buhu ɗaya tun mako guda kafin nan.

Sai wurin wuni. A share fili da sassafe, a yayyafa ruwa awa guda kafin a yi shimfiɗa, a sake yayyafawa kafin mutane su cika, musamman da hunturu. Rumfa ko kanofi, a lura da yamma: da la'asar rana tana shigowa ta ƙarƙashi, ta daki fuskar duk wanda ya kalli wajen. A rataya zana ko labule ta wannan gefen, a sa kujerar amarya ta ba yamma baya. Tsofaffi sun fi son tabarma, a shimfiɗa musu a inuwa mafi kyau kusa da randa, a bar wa 'yan mata kujerun roba. Kujerun haya a ƙirga su a gaban mai su lokacin sauke su.

Teburin da za a ajiye gaban amarya ba ya buƙatar tarkace. Turmin atamfa yadi 6 ne, in aka raba shi biyu ya rufe tebur biyu, kuma in an zaɓi kalar ankon dangi wurin ya haɗu. Farin yadi yana da kyau a hoto, amma kofin zoɓo ɗaya ya kife an gama da shi, sai dai a ɗora farar leda mai haske a kai. A naɗe kusurwoyi huɗu a ɗaure a ƙafar tebur, domin iska tana ɗaga yadi ta zubar da abin da ke kai, yara kuma suna ja. A tsakiya, a ganinmu, babu abin da ya kai ƙwarya mai zane cike da dabino, da faifai masu launi biyu ko uku an rufe alkaki da dubulan. Ado ne, kuma murfi ne daga ƙuda da ƙura. Furen roba in za a sa, a zuba yashi a gindin kwalbar ta yi nauyi, kuma kada ya yi tsawon da zai tare fuskar amarya. Kaskon turaren wuta a ƙasa yake zama, nesa da gefen yadi da mayafan mutane, a hannun babbar mace. Leshi da mayafi ba sa jure tartsatsi. Janareta a kai shi bayan gida inda hayaƙi ba zai biyo iska ba, a ɗaga wayoyi sama.

Lissafin abinci: kwanon shinkafa ɗaya yana ciyar da mutum 16 zuwa 20, gwargwadon zubi, buhu mai kilo 50 kuma ya kai mutum 300 da 'yan kai. A ƙiyasta waɗanda aka gayyata, a ƙara kashi ɗaya cikin uku, don a ƙauye ba a zuwa biki da kati, ga kuma kwanukan maƙwabta da za a aika. Kafin a fara rabo, a ɗebi kula uku a kulle a ɗaki: na dangin ango, na masu rakiya da direbobi, da na amarya da ƙawayenta. In ba a yi haka ba, waɗanda suka fi kowa wahala su ne za su kwana da yunwa. Kunun aya da safen ranar ake yin sa, a sa ƙanƙara, don da zafin bazara kafin la'asar ya yi tsami. Zoɓo ya fi shi haƙuri.

Gara, wasu garuruwan tare da amarya take tafiya, wasu sai bayan kwana bakwai. A tambayi al'adar gidan da za a kai ta tun da wuri. Alkaki da nakiya da dubulan suna daɗewa in sun bushe, amma a bar su su huce sarai kafin a rufe. In aka rufe da ɗumi, gumi zai taru a murfi su yi fumfuna. Jarkar man gyaɗa da ta manja a sa leda a baki kafin a murɗa murfi, a tsayar da su a ƙasan mota, kada a ɗora kan buhun shinkafa. Muna roƙon iyaye da babbar murya kada a sayar da shanun huɗa ko irin shuka saboda gara. Abin da adashi da gudummawa suka kawo, a tsaya a kansa.

Nasihar uba a yi ta kafin motoci su iso. In direba yana matsa hon a waje, mahaifi ba zai faɗi abin da ke ransa ba, sai dai “yi na yi, bari na bari” a gurguje. A kai ta ɗakinsa ita da gwaggonta, a rufe ƙofa, sannan ta shiga wurin mahaifiyarta. A bar ta ta yi kukanta, kada a tsaya a kanta ana cewa kwalliya za ta ɓaci. Jakarta ta hannu, mai kayan sawa na kwana biyu, magani in tana sha, waya da caja, a ba babbar ƙawa.

Masu rakiya a rubuta sunayensu tun jiya, daidai da kujerun mota. Lodin da ya wuce ƙima da tseren direbobi a hanyar da ba kwalta su ne suke mayar da biki makoki, don haka a sa dattijo a motar gaba, a ce ba mai wuce shi. Da damina a aika mai babur ya dubo hanya da rana, musamman ƙasar Haɗeja inda ruwa kan yanke hanya a watan Agusta da Satumba. Direba a ba shi rabin kuɗi, ragowar sai ya dawo da mutane. Yara ƙanana su zauna a gida.

In an isa, wurin iyayen miji ake fara kai ta. Gwaggo ce mai magana, kuma gajeriya ta isa: “Hajiya, ga 'yarki mun kawo, amana ce. In ta yi ba daidai ba, ki tsawata mata kamar ta cikinki.” Daga nan sai ɗakinta, ta shiga da bisimilla. Kuɗin sayen baki a sa babban aboki da babbar ƙawa su daidaita tun da rana, don kada ciniki ya kai 'yan mata tsakar dare a garin da ba nasu ba. Kafin mota ta juyo, gwaggo ta ƙirga mutanenta da takardar nan, ta damƙa wa amarya makullin ɗakinta a hannu.