Kwamfuta huɗu, firinta ɗaya: inda ake fara koyon haɗa netwok

Duk yaron da ya zo wurina koyon aikin netwok, abin da nake fara hana shi shi ne haddace matakai bakwai na OSI, wato tsarin da littattafai ke bi wajen bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin na'urori. Ranarsu na zuwa, musamman in zai zauna jarrabawar CCNA ta ƙwarewa a aikin netwok, wadda kamfanin Cisco ke shiryawa. Amma akwai masu zayyano su tiryan-tiryan, ka ce su gano abin da ya hana firinta karɓar aiki daga kwamfutar da ke gefenta, sai su hau sosa ƙeya. Don haka mu ɗauki ƙaramin shago irin wanda ake buga takardu da duba sakamakon jarrabawa: kwamfuta huɗu, firinta ɗaya mai ramin kebul, da layin MTN ko Airtel. In ka haɗa wannan da hannunka, ka kuma san dalilin kowane abu da ka yi, to ka kama hanya.

Kaya uku za ka saya: rauta mai ɗaukar sim, suwic mai rami takwas, da kebul. Mutane na yawan rikita na farko da na biyu. Suwic aikinsa a cikin shago ya tsaya, shi ke miƙa saƙo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, yana gane kowace da lambar MAC da aka ƙera katinta da ita tun daga masana'anta. Rauta kuwa ita ke haɗa shagon da duniyar waje. Ka ɗauke ta kamar zauren gida: mutanen cikin gida suna shiga ɗakunan juna ba sai sun bi ta zaure ba, amma duk mai fita titi, da duk baƙon da zai shigo, dole ta nan zai wuce. Shi ya sa ko data ta ƙare, kwamfutocin shagon za su ci gaba da aika aiki ga firinta.

Kebul kuwa ka nemi Cat5e ko Cat6. In a Kano kake, titin Beirut ba ya rasa su. Sai dai ka tambayi mai kaya ko tagulla ce zalla, don akwai mai arha da aka yi da alminiyom aka shafa masa tagulla a sama. Yana aiki a gajeren zango, amma saurin karyewa gare shi, kuma in zango ya yi tsawo sai ya riƙa ba ka wahalar da ba za ka gane tushenta ba. Ko mai kyau ne, kada guda ɗaya ya wuce mita 100.

In ka fere bayan kebul za ka ga siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Warware su ka miƙar, ka riƙe kan RJ45, wato ɗan kan roba da ake matsewa a bakin kebul, harshensa na kallon ƙasa, sannan ka jera daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan jerin shi ake kira T568B, kuma haka za ka yi a duka bakin biyu. Yanke su daidai wa daida, tura su har sai ka hango tagullar kowace ta taɓa ƙarshen kan, sannan ka matse da filayar da aka yi don wannan aiki. Sayi kawuna fiye da buƙatarka, na farko-farko ba sa yin kyau a hannun kowa.

Yanzu ka ja kebul ɗaya daga ramin LAN na rauta zuwa suwic, sauran kuma daga suwic zuwa kowace kwamfuta da firinta. Kunna komai. Nan ne ainihin karatun yake, don haka zauna da kyau.

A ɗaya daga cikin kwamfutocin, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, in baƙin allo ya buɗe ka rubuta ipconfig. Layi uku nake so ka duba. Na farko adireshin IP na kwamfutar, misali 192.168.1.23. Lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Na biyu za ka ga 255.255.255.0. Abin da yake gaya wa kwamfutar shi ne: lambobi ukun farko sunan netwok ɗin ne, ta ƙarshe ce taki ke kaɗai. Wato duk na'urar da adireshinta ya fara da 192.168.1 'yar gida ce, a yi mata magana kai tsaye ta suwic. Wadda ta fara da wani abu daban ta waje ce, sai a miƙa wa rauta saƙon. Layi na uku, wanda aka rubuta Default Gateway, shi ne adireshin rautar kanta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1.

Wa ya raba waɗannan lambobin, tunda kai ba ka rubuta komai ba? Rauta ce, ta wani tsari da ake kira DHCP. Duk na'urar da ta shigo sai ta nemi adireshi, a ba ta aro na ɗan lokaci. Ga kwamfuta da waya wannan ba laifi. Ga firinta kuwa matsala ce, don gobe in an ɗauke wuta an dawo da ita, tana iya samun wata lamba daban, kwamfutoci kuma su yi ta nemanta a tsohuwar. Rubuta adireshin rauta a burauza, shiga saitinta, ka keɓe wa firinta lamba guda ta dindindin. Rabin kiran da masu shago ke yi min na cewa firinta ta lalace, wannan ne kawai.

Wataƙila ka lura maƙwabcinka ma adireshinsa 192.168.1.23 ne, amma ba ku yi karo ba. Dalili shi ne an ware duk adireshin da ya fara da 192.168, da wanda ya fara da 10, da 172.16 zuwa 172.31, don amfanin cikin gida kawai, ba sa yawo a intanet. Tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kaɗai yake da su, ba su isa na'urorin duniya ba. Sai rauta ta riƙa fitar da saƙon kowa da adireshinta guda na waje, tana riƙe da lissafin wanda ya aika me, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Wannan shi ne NAT. Sai DNS, wanda ke juya suna irin google.com zuwa lamba, don na'ura ba ta san suna ba.

To ranar da aka ce maka ba netwok, kada ka fara da kashe komai ka kunna. Bi daga kusa zuwa nesa. Duba ramin da kebul ya shiga, in ƙaramar fitila ba ta kama ba, laifin kebul ne ko kansa. In ta kama, yi ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi lamba ba wanda ya amsa, sai ta ƙirƙiro wa kanta, don haka duba rauta da kebul ɗin da ya haɗa ta da suwic. In adireshi daidai yake, a baƙin allon nan rubuta ping, umarnin da ke aika ɗan saƙon gwaji ya jira amsa, ka ba da tazara, ka sa adireshin rauta. Ta amsa? To cikin shago lafiya lau. Sai ka yi ping 8.8.8.8, wato uwar garken DNS ta Google. In wannan ya ƙi, matsalar tsakanin rauta da kamfanin layi take: data, sim, ko sabis. In ya amsa amma ping google.com ya ƙi, DNS ne ya samu cikas, sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfinka da na kamfanin ma. Yawancin intanet ɗinmu ta manyan kebul na ƙarƙashin teku yake shigowa Legas, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Ranar 14 ga Maris 2024 da dama daga cikin irin waɗannan kebul suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa. Rubuta tracert google.com wata rana ka ga tashoshin da saƙonka ke yada zango kafin ya isa.

Batun Wi-Fi ba zan ja shi ba. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango da nisa, na 5 GHz ya fi sauri amma a kusa. Ɗora rauta a sama, a fili, ba cikin durowar ƙarfe ba. Sauya kalmar sirrin Wi-Fi, sannan ka sauya ta shiga saitin rauta, wadda yawanci admin ce tun daga kanti, kuma yaran unguwa sun san haka. Kada ka yi faɗa da kowa in an ce maka 40 Mbps ka ga fayil na sauka da 5 MB a daƙiƙa. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, lissafin daidai yake. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, zare rauta da suwic daga wuta.

In ba ka da kuɗin sayen kaya yanzu, yi rajista da Networking Academy na Cisco ka sauke Packet Tracer kyauta, manhajar da ake gwada haɗa netwok a cikinta ba tare da kaya ba. Zana wannan shagon a ciki, sannan ka ɓata shi da gangan: cire kebul ɗaya, ba wa kwamfuta ɗaya 192.168.2.23, goge adireshin rauta daga wata. Kowane ka yi, ka yi ping ka rubuta saƙon da ya fito a littafi, sannan ka gyara kafin ka ɓata na gaba.