Yadda ake jigilar ruwan bishiyar mapul da babur mai ƙafa huɗu

A Kanada, musamman lardin Kebek, wajen watan Maris ake wannan aikin. Mapul bishiya ce da ake tatsar ruwanta mai ɗan zaƙi a dafa shi ya yi kauri kamar zuma. Da farko ka wanke tanki tas, ka ɗaure shi tamau a kan tirela, ka duba iskar tayoyi. Sai ka bi bishiyoyin kana juye bokitan da ruwan ya taru a ciki zuwa tankin ta cikin abin tacewa saboda ɓawo da ƙwari. Lita 200 kilo 200 ne fa, kar ka wuce ƙarfin babur ɗin.

Don Allah a gangara ka sa ƙaramin giya ka bi a hankali, in tankin rabi ne ruwan kai-komo yake yi, ga laka ga dusar ƙanƙara, yana iya kifar da kai. Kana isa a dafa ruwan a ranar, in ya sha zafi tsami yake yi, kuma kusan lita 40 na ruwan ke ba da lita 1 na zumar mapul.