Yadda Jarumi Zai Kauce Wa Maƙalewa A Rol Ɗaya

A Kannywood da zarar ka fito a mugu mutane suka yaba to shikenan, duk furodusan da ya kira ka mugu yake so, don shi asarar kuɗinsa yake tsoro, abin da ya taɓa sayuwa shi zai sake saya. Marigayi Rabilu Musa har ya rasu a 2014 Ibro ake ce masa, haka ma Usman Baba Pategi, mutane da yawa Samanja kawai suka sani. Su ya karɓe su ya zama alheri, amma ba kowa ke dacewa haka ba.

Da farko zauna ka duba fina-finanka na baya. In ka ga daga ɗan daba sai boka, ko ke daga uwar miji sai muguwar kishiya, to an riga an ɗaure ki, ki sani.

Na biyu, kar ka karɓi kuɗin kafin alƙalami sai ka karanta labarin. Da yawa sai an je lokeshan suke jin abin da za su yi, darakta ya ce ai irin na rannan ne, su ma su maimaita. In rol ɗin irin wanda ka saba ne ka roƙi a ba ka wani a cikin labarin ko da fitowa uku ce. Wani lokacin kuma dole ka ce a'a, eh akwai zafi musamman in aljihu babu nauyi, amma cikin ladabi, ka ce yallabai wannan karon a yi min haƙuri, kar ka ɓata da kowa don masana'antar ƙarama ce.

Na uku shi ne aikin gaske, kuma nan ake kasala. Canja kaya da mekaf ba shi ne canja rol ba. Malamin tsangaya ba ya zama irin zaman ɗan kasuwar Kwari, direban tifa ba ya magana kamar ma'aikacin banki. Je ka zauna da irin mutumin, ka ga yadda yake tafiya, yadda yake gaisawa, inda yake ajiye hannunsa in ana masa magana, yaushe yake yin shiru. Sai karin harshe, in Basakkwace za ka fito ka koyi Sakkwatanci a bakin masu shi, ba wai ka riƙa cusa "awo" da "shina" a kowace jimla ba, mutanen Sakkwato suna kallo kuma suna jin haushi wallahi.

Na huɗu, nuna musu da ido. Ɗauki waya ka yi bidiyon minti biyu a rol ɗin da ba a taɓa ganinka ciki ba, ka tura wa daraktoci ko ka sa a YouTube da TikTok. Sababbin daraktoci sun fi yarda su gwada ka.

Sai fim mai dogon zango, irin waɗanda ake nunawa a Arewa24. Yana kawo suna da kuɗi a kai a kai, amma shekara da shekaru kana mutum ɗaya har a titi da sunan nan za a kira ka. Kafin ka sa hannu ka tambaya ko an yarda ka yi wani aikin tsakanin zango da zango, in an yarda ka zaɓi rol da ya yi hannun riga da wancan.