Yadda nake zaɓa wa mutane katin girafik a Samaru

Da wuya mako ya wuce wani ɗalibin ABU bai shigo ɗan shagona a Samaru ya miƙo mini wayarsa ba: "Oga, duba wannan, wai dala 299 ne kawai." Nakan ce, "Ƙanena, jawo benci tukuna." Wannan farashin na Amurka ne, na ranar da kamfani ya sanar da kayan. Kafin katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotunan da kake gani a sikirin, ya iso Zariya sai ya bi ta hannun mai shigo da shi, ya ratsa kwastan, ya kwana a Computer Village ta Ikeja, sannan ya hau mota, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya lashi rabonsa. Ga kuma dala. Kafin Yunin 2023 farashinta na hukuma bai fi naira 460 da 'yan kai ba, a 2024 ta haura 1,500. Ka ɗauki 299 ka buga da 1,500, ka tashi da naira 448,500, tun kafin kowa ya ɗora ribarsa. Daga nan ake fara lissafi, ba daga bakin mai bidiyon YouTube ba.

Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katunan: Nvidia, AMD da Intel. Su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac da Sapphire da kake gani a jikin kwali, suna sayen ƙwaƙwalwar ne su ɗora mata fanka da riga. Nvidia ce ta cinye kasuwa, shi ya sa ba ta jin kunyar tsawwala farashi. A Janairun 2025 ta fitar da RTX 5090 a kan dala 1,999. Kuma yanzu mafi yawan kuɗinta daga manyan na'urorin ƙirƙirarriyar basira take samu, mu 'yan gem mun koma 'yan rakiya. Sababbin katunan kamfanonin ukun duka a masana'antar TSMC ta Taiwan ake ƙera ƙwaƙwalensu, saboda haka idan layi ya yi tsawo a can, har mu a Zazzau sai mun ji a aljihu.

Tambayar farko da nake yi wa mai saye ita ce: me za ka yi da shi, kuma wane irin sikirin gare ka? Idan ƙwallo ce, FC ko eFootball, sai GTA V da dare, a sikirin 1080p, to RX 6600 ta AMD ko GTX 1660 Super ta Nvidia na hannu sun ishe ka har da canji. Sayen babban kati a jona shi da ƙaramin sikirin kamar ɗaura wa jaki sirdin hawan daba ne. Idan kuwa ɗalibin zanen gine-gine ne mai fama da manhajojin zane irin su Lumion da Blender, ba na ja masa magana, Nvidia nake nuna masa, don yawancin manhajojin aiki da ita suka fi jituwa. A nan RTX 3060 mai ma'adanar gigabait 12, wato wurin da kati ke riƙe aikin da yake yi, ita ce abokiyata. Tun Fabrairun 2021 ta fito a dala 329, amma har yau ina fifita ta ga mai aiki a kan RTX 4060 da ta biyo bayanta a 2023 da gigabait 8 kacal. Sabuwar ta fi ta gudu, gaskiya ne, sai dai ran da zane ya cika ma'adanar kati, gudun ba ya fisshe ka.

A wannan batu na ma'adana ne gasar ta fi amfanar mai saye. A 2025 Nvidia ta sa RTX 5060 Ti mai gigabait 16 a dala 429, AMD ta zo da RX 9060 XT mai gigabait 16 a dala 349. Dala tamanin ke tsakani, wato kusan naira dubu ɗari da ashirin a wancan lissafin namu, kuɗin da zai saya maka akwatin wuta nagari. Idan gem kaɗai za ka yi, ban ga abin da zai hana ka ɗaukar ta AMD ba, in ban da son suna. Duka biyun suna da nau'in gigabait 8 mai rahusa, kuma sunan kusan ɗaya ne, don haka ka karanta kwalin da idonka.

Intel ma ta taɓa zuciyata da Arc B580 a Disambar 2024: gigabait 12 a dala 249. Amma tana da sharaɗi. Sai kwamfutarka tana da abin da ake kira Resizable BAR, wato tsarin da ke ba kwamfuta damar isa ga ma'adanar kati gaba ɗaya, wanda tsofaffin kwamfutocin ofis da muke saye kwance ba su da shi, kuma in babu shi katin ɗingishi yake yi. Samunta a nan ma aiki ne, sayar da ita daga baya ya fi wuya.

Yanzu ga abin da masu bidiyon ƙasar waje ba za su taɓa gaya maka ba, don su ba a ɗauke musu wuta. Kowane kati yana da abin da yake zuƙa. RX 580 tana kai wa wat 185, RTX 3060 wat 170, RX 6600 wat 132, RTX 4060 kuwa 115. Idan a kan inbata da batir ɗaya kake, ko ƙaramin janareto da kuke rabawa da maƙwabcin ɗaki a Hayin Dogo, wannan bambancin shi ne tsakanin gama wasa da mutuwar sikirin ana tsaka da bugun fanareti. Katin da ya fi araha a kanti yakan fi tsada a gidan mai. Sannan ka buɗe kwamfutarka ka leƙa akwatin wutarta. Yawancin Dell OptiPlex da HP na ofis ba su da wayar nan mai baki 6 ko 8 da babban kati ke buƙata, wasunsu ma cikinsu ya yi wa katin kaɗan. Mai irin wannan na'ura ya nemi gajeren GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda ke shan wutarsu kai tsaye daga madabod, wato babban allon kwamfuta. Kada wani ya ruɗe ka da 'yar wayar jone-jone ta ɗari biyar. Na ga wadda ta narke, warin ya kwana biyu a shagon.

Mafi yawanmu dai na hannu za mu saya, kuma a nan ne ake kuka. A 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun wawushe katunan duniya har farashi ya ninka. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto da ake haƙa da waɗannan katunan, ta daina amfani da haƙa, sai ga katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun cika kasuwa, an wanke su an mayar a leda. Ni ma an taɓa yi mini. Na tura kuɗi Legas aka sako mini RX 580 a mota, na je Kwangila na karɓa ina murna don na samu da arha. Da na jona na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, sai na ga 2048 a gurbin adadin ƙananan injinan lissafin katin, inda ya kamata in ga 2304. Ashe nau'in 2048SP ce da aka yi wa kasuwar Sin, wadda a ƙarfi RX 570 ce aka sauya wa suna. Na kira mutumin, ya ce ai RX 580 na tambaya, RX 580 ya ba ni. Ban da bakin magana.

Tun daga ranar ba na biyan kowa sai an yi gwaji. A jona katin, a buɗe GPU-Z, a gwada lambobin da suka fito da na shafin kamfanin. Sannan a kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki iya ƙarfinsa, a bar shi minti ashirin kana tsaye. Ka zuba ido a kan zafin: idan ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko ɗige-ɗige da layuka masu launi suka bayyana, ko sikirin ya ɗauke ya dawo, ka yi sallama ka tafi. Kasa kunne ga fanka, ka tura kowacce da yatsa bayan an kashe ka ji ko tana karkarwa. Juya bayan katin ka duba kusoshi, ko an sha kwance su, ko allon ya yi jaja-jaja kamar an gasa. Gwada kowace ƙofar HDMI da DisplayPort, ba ɗaya kawai ba. Idan kuma aka nuna maka GTX 1050 Ti mai ƙofar VGA shuɗiya a jikinta, jabu ce, tsohon kati ne aka sauya wa bayanan ciki.

Idan daga Legas ko Kano za a aiko, ka sa mai kayan ya kira ka ta bidiyo, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye gefen sikirin yana gwajin. In kana da ɗan'uwa a can, ya je ya gani da idonsa ya fi. Tambayi mutum uku farashi a rana ɗaya, don na jiya ba ya aiki in dala ta motsa, kuma ka nemi a rubuta maka a rasit cewa kana da kwana bakwai na gwaji, tare da lambar jikin katin. Wanda ya ƙi rubutawa ya san abin da yake sayarwa.

Idan katin ya iso gida, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur. Ƙurar hunturun Zariya takan toshe fanka cikin 'yan makonni, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a shaƙe. Ni duk ƙarshen wata nake fitar da tawa tsakar gida, in riƙe fankar da yatsa kada ta juya, in hure ta da abin hura iska.