Yadda za ka gane alaƙar hem da HO-1 a hanta ba tare da hadda ba

Aikin gwajin jini nake yi a Jidda. Duk Alhamis bayan Isha'i 'yar yayata takan zo da littattafanta na kwalejin lafiya, mu zauna kan shayi. Makon jiya ta miƙo mini wani shafi cike da kibiyoyi ta ce, "Kawu, wannan hem ɗin ya gagare ni." Hanyar da muka bi nake so in rubuta, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Fara da abin da idonka ya taɓa gani. Ƙofar mota ta buge ka a hannu, jini ya kwanta, wurin ya yi baƙi-baƙi, bayan kwanaki ya yi kore-kore, daga bisani rawaya. Aikin enzayim ɗin hem oksijinas ke nan kake kallo a fatarka. Enzayim furotin ne mai hanzarta aiki a jiki, nau'i na farko na wannan kuwa shi ake kira HO-1. Hem zobe ne mai ƙarfe a tsakiya, shi ke riƙe iskar oksijin cikin haimogulobin, furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Enzayim ɗin yana yanke zoben a wuri guda, da taimakon ƙwayoyin oksijin 3 da wani sinadari mai suna NADPH, sai abu uku su fito: biliberdin mai launin kore, ƙarfe, da iskar kabon monoksaid. Wani enzayim ɗin kuma ya mai da biliberdin ya koma bilirubin rawaya. Tenhunen da Marver da Schmid ne suka bayyana wannan a 1968 a Amurka.

Kafin ka wuce, tambayi kanka: me ya sa jiki ke gaggawar farfasa hem? Muddin ya kuɓuce daga haimogulobin, guba ne. Yana kutsawa cikin kitsen bangon ƙwayoyin jiki, ƙarfensa yana lalata su. Shi ya sa furotin mai suna hemofeksin ke kama shi cikin jini ya kai wa ƙwayoyin hanta.

A nan nake so ka daɗe. Ɗauki takarda ka zana da'ira, cibiyar ƙwayar hanta ke nan. Ja layi a ciki, ka rubuta HMOX1, wato ƙwayar gadon da ake ƙera HO-1 daga gare ta, tana kan kuromosom na 22. Ni murfin butar shayi na ɗora a kan layin na ce mata, "Wannan Bach1 ne." Shi da abokin zamansa ƙaramin Maf, dukansu furotin ne, suna danne wurin, ba a karanta umarnin ƙera HO-1 sai kaɗan, matuƙar hem bai yi yawa ba. Sai na ɗauko dabino ɗaya na sa a kan murfin, na ce ga hem ya iso. Yana manne wa Bach1 a wuraren da tubalan furotin biyu, sistin da furolin, ke jere, nan take riƙon Bach1 ya saki. A fitar da shi daga cibiya, a yi masa alama da ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, a narkar da shi. Wurin da ya bari, Nrf2, furotin mai tayar da karatun, ya zauna tare da Maf ɗin, karatu ya kankama, cikin 'yan sa'o'i HO-1 ya yawaita. Da hem ya ragu, sabon Bach1 ya dawo ya danne. Wato hem da kansa ke buɗe wa mai farfasa shi ƙofa. Da ta ɗaga murfin da hannunta sau biyu, ba ta sake duba kibiyoyin ba.

Kada ka haɗa HO-1 da HO-2, nau'i na biyu na enzayim ɗin. Wannan kullum yana nan daidai gwargwado, musamman a ƙwaƙwalwa, yawan hem ba ya tayar da shi.

Juya takardar, akwai ɗaya ɓangaren. Hem ɗin da ya tayar da HO-1, shi ne kuma ke rage ALAS1, enzayim na farko a ƙera sabon hem a hanta: yana rage yin sa, yana hana shi shiga mitokondiriya, sashen ƙwayar da ake fara ƙera hem. Dalilin ba wa mai ciwon fofiriya mai tsanani, wato cutar da ke taɓa ƙera hem, maganin hem mai suna hemin ta jijiya ke nan. Ƙarfen da ya fito kuwa, furotin mai suna feritin ke ɓoye shi.

Yanzu gwada fahimtarka da majinyaci na gaske. Ga mai sikila, ga kuma yaro mai ƙarancin G6PD, enzayim ɗin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, da ya karya da waken ful, washegari idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. A takardar gwajinsa nakan ga bilirubin wanda hanta ba ta riga ta sarrafa ba ya hau, haftogulobin, furotin mai kama haimogulobin ɗin da ya tsiyaye cikin jini, ya faɗi. Sai dai ka kula da tarkon jarrabawa: jajayen ƙwayoyin jini da suka cika kwanansu 120, yawancinsu a saifa da ƙwayoyin Kupffer, masu share datti a hanta, ake farfasa hem ɗinsu. Ƙwayoyin hanta kansu sun fi karɓar wanda hemofeksin ya kawo da nasu na cikin gida, sannan su haɗa bilirubin da gulukuronik asid ta hanyar enzayim mai suna UGT1A1 ya fita ta madaciya. A jariri wannan enzayim ɗin bai gama ƙwari ba, shi ya sa shawara, wadda nan ake kira safar, ta yi yawa a makon farko. Nakan roƙi matan unguwarmu kada su tsaya jiƙe-jiƙe, su kai a auna.

Daga nan rufe littafin, ɗauki sabuwar takarda, ka zana duka da ka, ka fara daga lokacin da hemofeksin ya iso ƙofar hanta. Inda alƙalaminka ya tsaya, wurin kaɗai za ka koma ka karanta.